Yadda makaho zai sa kowace kwamfuta ta yi masa magana

Shekarar da na gama karatu a Jami'ar Jos, na je wani shagon buga takardu kusa da Terminus don in cike fom ɗin neman aiki. Ranar ƙarshe ce, da tsakar dare za a rufe shafin, ga kwamfutata ta mutu kwana biyu kafin nan. Na zauna a gaban ta shagon, yatsuna a kan kibod, na san mazaunin kowane harafi, amma injin ya yi gum. Ba yadda na iya, sai na riƙa faɗa wa yaron shagon ranar haihuwata da adireshin gidanmu da kalmar sirrin imel ɗina, mutanen da ke layi suna ji. Ya kuma rubuta sunan mahaifina ba daidai ba, ban sani ba sai bayan wata biyu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne daga baya na gano kwamfutar nan tana da murya a cikinta tun daga kamfani. Maɓalli uku ne kawai tsakanina da ita. Na iya aiki da manhajar karanta allo sosai, amma a kan kwamfutata kaɗai, wadda wani ya saita mini, tana tashi tana magana. Ban taɓa koyon tayar da murya da hannuna a injin da ba nawa ba. Shi ya sa yanzu duk wanda ya zo wurina koyo ranar Asabar a Unguwar Rogo, da wannan muke farawa, kafin imel, kafin WhatsApp, kafin komai.

Manhajar karanta allo ɗan jagora ce. Tana faɗa maka inda kake, abin da ke gabanka, da abin da ka danna. Sai dai kowane gida da nasa ɗan jagoran: Windows da nasa, Apple da nasa, Android da nasa, kuma kowanne da yadda ake kiransa ya amsa. Kafin ka kira ko ɗaya, lalubi haruffan F da J a layin tsakiya. Akwai ɗan tudu a kan kowanne, nan manunan yatsunka biyu za su zauna. Mu da muka yi makarantar makafi ta Gindiri mun san darajar saba wa yatsa wuri tun daga rubutun Braille. Maɓallin Ctrl yana ƙasa can gefen hagu, kuma shi ne mai sa murya ta yi shiru a kusan duk manhajojin kwamfuta. Riƙe wannan da kyau, domin ranar farko surutun zai yi maka yawa.

Windows

A Windows 10 da 11, danna Ctrl da maɓallin Windows da Enter tare. Narrator, ɗan jagoran Windows, zai fara magana. Ba sai ka sauke komai ba, ba sai da data ba, ba sai mai shago ya ba ka izinin saka wani abu ba. Yana aiki tun a shafin da ake shigar da kalmar sirri, har ma lokacin da ake ɗora sabon Windows. In ka sake danna ukun nan, ya kashe. Idan tsohuwar kwamfuta ce mai Windows 7, irin waɗanda har yau suke cike da ofisoshinmu, danna Windows da U, sannan Alt da N.

Narrator ya gyaru ƙwarai a 'yan shekarun nan, amma ni a matsayin gada nake amfani da shi. Da shi nake tsallakawa zuwa NVDA, wata manhajar karanta allo da ake saukewa a Windows.

Wani makaho ɗan ƙasar Ostireliya, Michael Curran, ya fara rubuta NVDA a 2006, daga baya James Teh, shi ma makaho, ya haɗu da shi, suka kafa ƙungiyar NV Access. Kyauta ne, ba na gwaji ba, ba na sata ba. Ka sauke shi daga shafin NV Access kaɗai, kada ka karɓi wanda aka tura maka a wani zauren WhatsApp. Da ka buɗe fayil ɗin za ka ji ɗan kiɗa, sai murya ta fara yi maka jagora har ƙarshe. Akwai wuri guda da mutane ke tsayawa: Windows zai tambayi izini, wani lokaci muryar ta ɗauke. Kada hankalinka ya tashi, danna Alt da Y. Mai Windows 7 kuma ya nemi fitowar 2023.3, domin waɗanda suka biyo bayanta ba sa hawa kansa.

A akwatin maraba da zai fito, abu biyu za ka gyara. Idan laftof ce, zaɓi tsarin Laptop a madadin Desktop, domin tsarin Desktop ya dogara da jerin lambobin nan na gefen dama waɗanda yawancin laftof ba su da su. Sannan ka yarda Caps Lock ya zama maɓallin NVDA. Asalinsa Insert ne, amma a ƙananan laftof kamfanoni suna cusa Insert a lungu, wani lokaci sai ka haɗa da Fn kafin ya yi aiki. Caps Lock kuwa yana ƙarƙashin ƙaramin yatsanka na hagu kullum. Daga nan in na ce maɓallin NVDA, shi nake nufi.

Ctrl da Alt da N suna tayar da NVDA. NVDA da Q suna rufe shi. NVDA da N suna buɗe jerin saituna. NVDA da T suna faɗa maka sunan tagar da kake ciki, kuma wannan shi ne abin da za ka danna duk lokacin da ka ɓace. NVDA da Shift da B suna gaya maka saura nawa a batir, wanda a garin nan ba ƙaramin abu ba ne in an ɗauke wuta kana tsakiyar aiki. Amma wanda na fi so a koya shi ne NVDA da lamba 1. Da ka danna, kibod ya zama filin atisaye: duk abin da ka taɓa zai faɗi sunansa da aikinsa ba tare da ya aikata ba. Ina sa ɗalibaina su yi minti goma a nan kowace safiya har sati biyu.

A shafin intanet ne sabon shiga ke wahala, domin yana ƙoƙarin sauraron shafi daga sama har ƙasa, da tallace-tallace da komai. Ba haka ake yi ba. Mai ido ma tsallake yake yi. Danna H ka yi tsalle daga kanun magana zuwa na gaba, K zuwa mahaɗi, E zuwa gurbin rubutu, B zuwa maɓallin dannawa, T zuwa jadawali. In ka haɗa da Shift, baya za ka koma. NVDA da F7 suna tara maka duk mahaɗan shafin a jeri ɗaya. Sai ka fahimci cewa NVDA na da hali biyu a shafi: halin yawo, inda haruffa ke zama umarni, da halin rubutu, inda H ke zama H. Yakan sauya da kansa in ka shiga gurbin fom, za ka ji ɗan sauti. In ka ga kana rubuta sunanka amma yana ta tsalle-tsalle a shafi, to kana halin yawo ne, danna NVDA da Space. Rabin kiran da nake samu da daddare a kan wannan ne.

Takardun darasi da ake ɗaukar hotonsu a tura a matsayin PDF su ma matsala ce, domin hoto ne, ba rubutu ba, NVDA ba zai ga komai ba. Danna NVDA da R a Windows 10 ko 11, zai gwada tsinto haruffan daga hoton. In bugun ya fita sarai yana ƙoƙari, in rubutun hannu ne ko kwafin kwafi, sai haƙuri.

Muryarka a aljihu

Ga abin da zai cece ni a Terminus da na san shi. Shiga jerin NVDA, ka je Tools, ka zaɓi Create portable copy, ka nuna masa filashi, ka ce ya haɗa da saitunanka. Shi ke nan, kana da NVDA naka, da saurin muryar da ka saba, da gyare-gyarenka, a abin da bai kai ɗan yatsa ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

In ka je baƙuwar kwamfuta, fara saka iyafis. Tayar da Narrator. Soka filashin, danna Windows da E, nemo filashin a cikin jerin, shiga, ka buɗe fayil mai suna nvda. Da ka ji ya tashi, kashe Narrator nan take, domin muryoyi biyu a kunne ɗaya ba ka fahimtar ko ɗaya. Ka sani na filashi ba ya karanta shafin shiga da akwatin neman izini, a nan sai ka koma wa Narrator na ɗan lokaci. Kuma ka ware filashin nan don wannan aiki kaɗai, ka ajiye wani kwafi a gida, saboda kwamfutocin shaguna ba sa rabuwa da bairos.

Wasu masu shago da ma'aikatan ofis za su ƙi. Kada ka yi faɗa. Ni nakan ce, “Ranka ya daɗe, ba zan saka komai a injinka ba, in na zare ya tafi da kayansa. In ma ba ka yarda ba, bar ni in kunna wanda yake ciki.” Galibi da sun ji Narrator ya yi magana daga kwamfutarsu, mamaki kan sa su matso da kujera. A wurin aiki kuwa kana da ƙafar tsayawa: tun Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, kuma akwai hukumar ƙasa da aka kafa a kanta a Abuja.

Za ka ci karo da JAWS, wata manhajar karanta allo, a wasu ofisoshi da ɗakunan karatu. Tsoho ne, tun 1995 yake kan Windows, yana da ƙarfi, amma na kuɗi ne, kuma kuɗin dala. Ba tare da lasisi ba minti 40 yake yi ya tsaya sai an sake kunna kwamfuta. Wanda ya iya NVDA ba zai ɓace a cikinsa ba, H da B da E da T duk aikinsu ɗaya. Fasasshen JAWS da ake yawo da shi a filashi kuwa, na ga kwamfutoci da dama da ya lalata, ba na ba kowa shawararsa.

Hausa a bakin inji

Nan ne zuciyata take, domin mu ba Turanci kaɗai muke karantawa ba. Muryar Turanci in ta ci karo da “ina kwana” sai ta murɗe shi har ba ka gane shi. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ko ta tsallake su, “ƙasa” ta zama “asa”, ko ta tsaya tsakiyar kalma tana yi maka bayanin harafin.

Dabarar da nake yi ita ce wannan. NVDA na zuwa da injin murya mai suna eSpeak NG. Muryarsa kamar ta ƙarfe take, ranar farko ba za ka so ta ba, amma ba ta da nauyi, tana gudu ko a tsohuwar kwamfuta, tana kuma da harsuna da yawa. Danna NVDA da Ctrl da S ka zaɓe shi, sannan NVDA da Ctrl da V ka sauya murya zuwa Swahili. Dalili shi ne Swahili na karanta wasula biyar ɗin nan, a, e, i, o, u, yadda muke karanta su a boko, kuma sh ɗinsu irin namu ne. Nan take Hausa za ta fara fitowa a kunnenka.

Saura gyaran haruffa. Kana kan muryar Swahili, shiga jerin NVDA, Preferences, Speech dictionaries, ka zaɓi Voice dictionary. Kada ka zaɓi Default, in ba haka ba gyaran zai bi ka har cikin Turanci ya ɓata shi. A nan za ka ƙara ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya: duk inda aka ga ƙ a furta k, ɗ a furta d, ɓ a furta b, ƴ a furta y. Ka yi wa manyan haruffan ma. Sai na biyar, wanda mutane ke mantawa: c ta zama ch, domin a rubutun Swahili haka ake rubuta sautin da ke farkon “ciki” da “cuta”. A kowace ƙa'ida ka zaɓi ta yi aiki ko'ina a cikin kalma. Rubutun da ke kan allo ba ya canzawa, furucin kawai ake gyarawa.

Gaskiya wannan ba cikakken magani ba ne. “Ƙasa” da “kasa” za su zo maka iri ɗaya, haka “ɗaki” da “daki”, kuma injin bai san karin sauti ko tsawon wasali ba. Ma'anar jimla ce za ta raba maka gardama, in kuma kana gyaran rubutu ne, bi kalmar harafi-harafi da kibiya. Duk da haka da wannan dabarar nake karanta labaran sashen Hausa na gidajen rediyo kowace safiya, da saƙonnin 'yan uwa daga Bauchi. Don kada ka riƙa sauya murya da hannu kullum, danna NVDA da Ctrl da P ka ƙirƙiri saiti na daban ka sa masa suna Hausa. In ka yi kwafin filashi bayan wannan, duk aikin zai bi ka.

Sauran gidajen

Kwamfutar Apple tana da VoiceOver tun 2005. Command da F5 ke kunna shi. Maɓallansa Control da Option ne a haɗe, ko Caps Lock. Da su da kibiyar dama kake tafiya gaba, da su da Space kake dannawa, da su da K kake shiga filin atisaye. Abin da ke rikita ɗan Windows shi ne VoiceOver na ɗaukar allo kamar gida mai ɗakuna: sai ka shiga ɗaki kafin ka taɓa kayan ciki. Control, Option, Shift da kibiyar ƙasa ke shigar da kai, da kibiyar sama ka fito. Na yi sati ina jin haushinsa kafin hannuna ya saba.

A Linux, musamman Ubuntu, Orca ake kira, da maɓallin Windows da Alt da S. Da Firefox da LibreOffice ya fi jituwa, kuma H da K na aiki a shafi kamar yadda ka saba. Shi ma eSpeak yake amfani da shi, don haka muryar Swahili na nan. A Chromebook kuwa, Ctrl da Alt da Z ke tayar da ChromeVox.

Waya

Yawancinmu waya ce kwamfutarmu ta farko. A Android, ko Tecno ce ko Infinix ko Samsung, sunan ɗan jagoran TalkBack. In sabuwa ce fil daga kwali, danne maɓallan ƙara da rage sauti tare na daƙiƙa uku a shafin farko, za ta yi magana. In an riga an yi amfani da ita, sau ɗaya za ka nemi mai ido ya shiga Settings, Accessibility, TalkBack, ya kunna, ya kuma kunna gajeriyar hanyar maɓallan sauti. Kada ka bar shi ya tashi bai yi na biyun ba. Da shi ne za ka iya kashewa ka miƙa wa yaro, ka kunna in ya dawo da ita, ba ka roƙi kowa ba. A iPhone, wadda ta samu VoiceOver tun 2009, danna maɓallin gefe sau uku ne, bayan an saita shi a Accessibility Shortcut, ko ka ce wa Siri, muryar da ke amsa umarni a iPhone, ta kunna.

Ƙa'idar duka biyun ɗaya ce: taɓawa ɗaya ji ne, taɓawa biyu da sauri shi ne dannawa. Sharar yatsa zuwa dama na kai ka abu na gaba, zuwa hagu na baya. Jan shafi sama ko ƙasa da yatsu biyu ne a Android, uku a iPhone.

Wani dattijo ɗan kasuwar kayan gwari a Farin Gada, wanda ciwon suga ya tafi da ganinsa, ɗansa ya kawo shi wurina cikin hunturun bara. Safiya ce mai sanyin Jos na gaske, yatsunsa sun ƙage, fatar ta bushe. Yana taɓa allo sau biyu amma a hankali, wayar na ta maimaita masa suna ɗaya. Ya ajiye ta a cinya ya ce, “Malam, wannan abin na yara ne, ni na wuce wurin.” Na ce, “Baba, ba ni hannunka.” Na sa ya murza tafukansa har suka yi ɗumi, na kama manuninsa na buga a bayan hannuna, tap-tap, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Muka yi haka sau wajen ashirin, ba waya. Na kuma sa ɗansa ya ɓare fasasshen gilashin kariyar da ke kan allon, domin tsagar tana yanke sharar yatsa a tsakiya. Da ya koma kan wayar, ya nemo sunan babbar 'yarsa da ke aure a Bukuru, ya kira ta da kansa. Da ta ɗauka sai ya kasa magana na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Ni ne. Ni na kira.”

Batun kuɗi kuwa a yi hattara. Kada ka taɓa buɗe manhajar banki ko ka danna lambar tura kuɗi a cikin keke ko a tasha ba iyafis a kunnenka. Rufe allon ma, domin kai ba ka ganin mai leƙe. A iPhone taɓawa uku da yatsu uku na sauke labule, allo ya yi baƙi wayar na aiki. A TalkBack akwai Hide screen a cikin jerinsa, wanda kake buɗewa da shara ƙasa sannan dama. Wasu manhajojin bankunanmu suna da maɓallan da ba a sa wa suna ba, sai ka ji waya na cewa maɓalli kawai, ba ka san na tura kuɗi ba ne ko na fita. TalkBack na ba ka damar raɗa musu suna da kanka. Zauna da wanda ka amince da shi sau ɗaya, ya faɗa maka aikin kowanne, ka rubuta. Lambobin tura kuɗi na tauraro (*) da gidan dara (#) kuma suna yankewa in ka jima, don haka haddace jerin matakan kafin ka fara, ka kuma ƙara saurin muryar kaɗan-kaɗan duk sati.

A ƙananan wayoyi masu arha, TalkBack kan yi nauyi ko ya ɗauke haka kawai. Sau da yawa tsarin tattalin batir ne ke kashe shi. A cire Android Accessibility Suite, wato manhajar da TalkBack ke ciki, da injin murya daga jerin manhajojin da ake takura wa, a rage tarkacen da ke cike da wayar.

Idan an danna komai daidai amma shiru

Wannan zai faru da kai, kuma galibi ba laifin manhajar ba ne, sauti ne aka kashe. Kwamfutocin ofis da na shago da yawa ba su da sifika ko kaɗan. Soka iyafis tukuna, in babbar kwamfuta ce ka gwada ramin gaba da na baya. Lalubi maɓallin kashe sauti a layin sama, ka gwada shi da Fn da kuma ba Fn. In har yanzu shiru, akwai ɗan ƙaramin katin sauti mai shiga ramin USB da ake sayarwa a shagunan kayan kwamfuta na Ahmadu Bello Way. Da ka soka shi Windows kan karkatar da sauti zuwa gare shi ba tare da an saka komai ba, ko da na cikin injin ya lalace. Nawa yana ɗaure da filashina a zare ɗaya, na yi wa filashin ƙulli biyu don in bambanta su da taɓi. Soka katin, sa iyafis a jikinsa, ka ƙirga goma, sannan ka danna Ctrl da Windows da Enter.